Bukkar Bernice Ta Samu Rufi

Duk wanda ya zauna a Aldermere ya san muryar Bernice Zussman kafin ya san fuskarta. Unguwa ce da mutane ke magana kamar akwai majinyaci a ɗaki na gaba, karnukansu ma ba sa haushi sai da dalili. Ita kuwa in ta tsaya bakin ƙofa tana kiran mijinta ya dawo ya ɗauki laima, har masu buga golf can bayan itatuwa sai sun ɗaga kai. Ba faɗa take yi ba. Haka ta koyi magana a Cheetham Hill, a gidan da keken ɗinki ke ruri tun safe har yamma, inda wanda bai ɗaga murya ba sai a gama rabon abinci ba a san yana nan ba.

Mahaifinta, Sender Lipkin, Bayahude ne, rigunan ruwa yake ɗinkawa, sana'ar da a Manchester ba ta san rani ba. Bernice ta tashi cikin warin roba da gam. Ita ke ɗinka maɓalli in an taso daga makaranta, ita ke ja-in-ja da masu kawo yadi tun kanta bai wuce teburin yanka ba. Ta auri Melvyn Zussman, likitan haƙori, mutum mai sanyin hali, wanda yake yini yana yi wa mutane magana bakinsu a wangale ba su da halin amsawa, in ya dawo gida kuma shi ne ke zama a kujerar, Bernice na magana. Auren ya zauna lafiya lau. Suka kama gida a Prestwich kusa da iyayenta, suka haifi mace da namiji. Bayan rasuwar mahaifiyarta, aiki ya buɗe wa Melvyn a kudancin gari, Bernice ta ga wani gida mai jan bulo da lambu a Aldermere, ta ce ita kam nan za ta.

Ranar da ta gaya wa mahaifinta, ajiye almakashi ya yi, ya dube ta ta saman tabarau.

"Aldermere? Kin san can ne aka ce in zagaya ta ƙofar baya?"

Ta sani mana. Babu wanda ya taɓa zama a teburinsu bai ji labarin ba. Yana saurayi aka aike shi ya kai wa wani mai kuɗi riga, ya buga ƙofar gaba, matar gidan ta tambayi sunansa, da ta ji sai ta nuna masa hanyar baya da yatsa, ko kalma ba ta ƙara ba. Mai dafa abinci ta miƙo masa shayi yana tsaye a waje, a wani kofi mai karyayyen baki, ya ƙi karɓa. A hanyarsa ta komawa tasha ya yi wa kansa alkawari cewa shi da cin abincin unguwar nan har abada.

"Baba, wannan fa tun kafin yaƙi ne."

"To gidajen sun rushe ne?"

Bai yi fushi da ita ba, bai kuma daina kulata ba. Duk Lahadi takan tuƙa mota ta kai masa romon kaza, ya shanye tas yana ƙorafi. Amma gidanta bai taɓa takawa ba. Yaranta suka girma a lambun da kakansu bai taɓa gani ba, har suka tafi jami'a. Wannan shi ne abin da ke cin Bernice a rai. Mace ce da in ba ta ciyar da kai ba ba ta jin kun gaisa, ga shi ubanta da ya haife ta bai taɓa sa lomar gidanta a baki ba, kuma ya haura tamanin. Tsoronta ɗaya ne, kada ya tafi a haka.

Maganar gaskiya, Aldermere ba ta yi musu komai ba. A makon farko aka yi ta zuro musu katin barka da zuwa ta ƙofa. Hilary Ormerod, maƙwabciyarsu ta hannun dama, doguwa, gashi kullum a gyare, ta shigo da kwanon gasasshen abinci mai zafi. Bernice ta ɗaga murfi ta ga naman alade a jere a sama, ta yi godiya har da dafe ƙirji, washegari ma'aikatan Melvyn suka ci daɗi. Aka gayyace su walima ranar Juma'a da dare, ta ce Asabaci, ranar hutun Yahudawa, ya shiga ba sa fita, aka ce ayya, haka ne fa, wata mai kamawa aka sake gayyatarsu ranar Juma'a da dare. Kulob ɗin golf da a zamanin Sender ba ya karɓar Bayahude yanzu shi ke bin Melvyn, shi kuwa bai ma san ta ina ake riƙe sandar ba. Bernice ta shiga aikin sa-kai a shagon gwanjo na taimakon marasa lafiya, inda ta yi suna wajen hana mata sayen abin da bai yi musu kyau ba. Kowa na ɗaga mata hannu, kowa na tambayar yara. Amma duk daga bakin shinge ake yi. Ta yi kaɗaici ƙwarai a cikin wannan kirkin, kuma da ta faɗa wa mahaifinta haka gara ta mutu da abinta a ciki.

Wadda ta fi ɗaure mata kai ita ce Hilary, don ita ba ta taɓa faɗin abu kai tsaye. In motar Melvyn ta tare mata hanya, ba za ta ce a gyara ba, sai dai ta yi murmushi ta ce, "Motar nan taku akwai tsawo." Bernice ta daɗe tana amsawa da "Ai kuwa, mun gode," kafin ta gane.

Sannu a hankali gidajen Yahudawa suka ƙaru a unguwar, har aka mai da wani tsohon gida kusa da tasha ya zama majami'a. Ko wannan bai motsa Sender ba. Duk kaka, in Idin Bukkoki ya zo, wanda ake mako guda ana cin abinci a cikin bukka, shi ke kafa bukkarsa da kansa a bayan gida da tsofaffin ƙyamare, su Bernice su tattara su koma Prestwich su yi idin a can. Sai wata shekara ya faɗo daga kan kujera yana canza ƙwan lantarki, likita ya raba shi da tsani. Ƙanin Bernice, wanda da shi zai kafa masa, ya kwashi iyalinsa sun tafi Urushalima yin idi. Ana saura 'yan kwanaki waya ta yi ƙara.

"Mijin nan naki ya iya kafa bukka?"

"Zai iya, Baba."

"Ba zai iya na tambaya ba. To shi ke nan. Ki ji da kyau, ba don ke zan zo ba, don bukka zan zo. Abincina kuma da shi zan taho."

Ta ce to. Tana ajiye waya ta buga wa mahauci.

Ranar Lahadi Melvyn ya baje katako a lambu ya tsaya yana kallonsu. Hannun da ke cire haƙori ba a ji ba, in ka ba shi guduma sai ka tausaya masa. Geoffrey Ormerod, mijin Hilary, ya yi ritaya daga banki, garejinsa cike da kayan aiki, kowanne da ƙusar da ake rataye shi. Ya leƙo ta saman shinge ya ga Melvyn na buga ƙusa a karkace, ya koma, ya sake leƙowa. Geoffrey yana shan wahala a tsaye.

"Ɗakin ajiye kaya ne, Melvyn?"

"A'a. A ciki za mu riƙa cin abinci, na mako guda."

"A watan Oktoba."

"E."

"Madalla," in ji Geoffrey, don a Aldermere tambayar dalili rashin ladabi ne.

Kafin azahar ya tsallako da ma'auni a aljihu, ya karɓe gudumar da sunan zai gwada nauyinta, bai sake mayarwa ba. Da aka zo rufi Melvyn ya ce ai rassa ake sawa, yankakku. Aka yi sa'a Geoffrey bai daɗe da aske shingensa ba, ya turo baro bayan baro na ganye, ya hau ya jera su da kansa. Hilary ta fito da kofin shayi a hannu ta kalli abin daga sama har ƙasa.

"Abin sha'awa. Zai daɗe a nan?"

"Mako guda ne, Hilary," in ji Bernice. "Ba haya za mu sa ba."

Ba wanda ya gaya wa Geoffrey dalilin da ya sa rassa ake sawa. Shi bai tambaya ba, Melvyn kuma bai ga abin faɗa ba, don a wurinsa abu ne da yaron goye ma ya sani.

Ranar jajibere Melvyn ya ɗauko tsohon kafin rana ta faɗi. Ya sauko daga mota da sanda a hannu ɗaya, jaka a ɗaya, cikinta burodin Prestwich, gwangwanayen kifi da fulas na shayi. Ya tsaya a bakin ƙofar lambu ya ƙare wa gidan kallo.

"Ta gaba zan bi ko ta baya?"

"Baba, don Allah."

Bai ko cire hula ba ya wuce wurin bukka. Ya girgiza bango, ya ɗaga kai ya leƙa sama ta tsakanin ganye, ya shafa wata kusurwa da yatsa.

"Wa ya haɗa nan?"

"Maƙwabcinmu," in ji Melvyn.

"Na ce ko. Ba hannun likita ba ne."

Ana kunna kyandir aka fara yayyafi. Sender ya sa albarka a kan ruwan inabi, ya ciro burodinsa daga jaka ya gutsura, ruwa na ɗiga a hularsa yana gangarowa ta gefen kunne. Bernice ta ajiye masa romo a gabansa yana tururi, ya ture kwanon gefe da bayan hannu, a hankali, ba da wulaƙanci ba. Ruwa ya ƙaru. Doka ta yarda a koma cikin gida in an kai haka, amma sai da ya ƙara zama don kada a ce Aldermere ta kore shi. Ba wanda ya lura da Geoffrey a tagar bene, hannu a aljihu, yana kallon dattijo mai shekara tamanin yana jiƙa a ƙarƙashin rassan shingensa.

Gari ya waye tas, ba ko gajimare. Suka taka zuwa majami'a a ƙafa, a hankali saboda ƙugun tsohon. A can aka karrama shi, aka kira shi gaba wurin karatun Attaura. Da aka tashi wani mai ƙaton ciki ya rungume shi, ashe ɗan wani ne da suka yi aiki tare a Cheetham Hill, shi ma yanzu a Aldermere yake da gida. Sender ya fito bakinsa ya buɗe, yana ba da labarin yadda uban mutumin ya taɓa ƙona rigar wani ɗan sanda da dutsen guga. Suna cikin tafiya, ba tare da ya dubi Bernice ba, ya ce,

"Me kika dafa?"

Bernice ta dube shi. Ta ce kabeji ne mai cushe da nama.

"Da busasshen inabi?"

"Da shi, Baba."

"Hm," in ji shi. Wanda ya san Sender Lipkin ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bernice ta matse hannun Melvyn har sai da ya yi ƙara.

Suka zagaya lambu, suka tsaya cak.

Bukkar ta samu rufi. Kwanon roba ne garai-garai, an ɗora shi a kan rassan, an ɗaure da noti a jere kamar an ja layi. An ba shi gangara. Har indararo aka sa, da bututu mai kai ruwa cikin ganga. A gefe ga Geoffrey Ormerod tsaye da ɗamarar kayan aiki a ƙugu, yana goge hannu da tsumma, fuskarsa irin ta wanda ke ƙoƙarin kada a ga yana jin daɗi. Hilary tana daga ɓangarensu, a inda shinge ya yi gibi.

"Ba wani abu ba ne," in ji Geoffrey. "Dama suna ajiye a gareji."

Bernice ta ɗora hannu a ka. Bukkar da aka rufe ta tashi daga bukka. Dole rufinta ya zama yankakkun rassa, a bar sarari har a riƙa hango sama. Namiji mai kiyaye doka kuwa ba ya zama cin abincin idi a cikin gida sai in ana ruwa, ga rana kuma ta fito tana ƙyalli kamar da gayya. Ranar idi ce, ba a kwance noti, ba a hawa mota. Ke nan tsohon zai zauna a Aldermere da yunwa har idi ya fita, ya koma Prestwich da sabon labarin da zai bayar har ƙarshen rayuwarsa, kabejinta kuma ya tafi wurin ma'aikatan Melvyn.

Ta cika ƙirji da iska. "Geoffrey, don Allah ka hau ka..."

Hannun mahaifinta ya sauka a wuyan hannunta.

"Breindel." Sunanta na gida ke nan, ba ya kiransa sai magana ta kai magana. "Yau ba a sa kowa aiki. Ko da baki."

Ta rufe bakin. Melvyn ya dube ta da mamaki, don tunda ya aure ta bai taɓa ganin an yi haka ba.

Sender ya shiga bukkar yana dogara sanda. Ya ƙwanƙwasa kwanon daga ƙasa, ya bi mahaɗar da ido daga wannan bango zuwa wancan, ya fito ya duba indararon.

"Kai ne maƙwabcin?"

"Ormerod. Geoffrey Ormerod, Mista Lipkin."

"Ka ɗora baki kan baki, ka bar gangara. Ko ɗigo ba zai shiga ba."

"Haka nake fata."

"Ni rayuwata kaf na yi ta ne ina hana ruwa taɓa mutane, in na ga aiki na san shi. Wannan aiki ne. Me ya sa ka yi?"

Geoffrey ya yi ja har kunne. Ya dubi tsummansa.

"Jiya na hango ka ta taga. Ruwa na zuba maka a hula. Rassan kuma nawa ne, ni na jera su. Raina bai so ba. Da sassafe na fito na auna, na jira kuka fita don kada in dame ku."

"Kai ka yi sammako saboda hulata."

"Ai ba wani abu ba ne."

Sender ya daɗe yana kallonsa, kallon da yake yi wa yadi in yana son sanin ko ɗan kasuwa ya yi masa ƙarya. Bernice ta san fuskar ubanta kamar tafin hannunta, amma wannan ba ta taɓa gani ba. Can ya jawo kujera ya zauna, ya nuna wa Geoffrey ɗaya da sanda.

"Zauna, Mista Ormerod, in gaya maka abin da surukina ya kamata ya gaya maka tun Lahadi. Kakanninmu sun yi yawo a hamada ba su da gida. To mu shekara-shekara sai mu fita daga gida mai kyau, mu zauna inda ake ganin sama ta rufi, don kada mutum ya ɗauka bulo ne ke tsaron sa. In ruwa ba zai iya shigowa ba, ba bukka ba ce. Gareji ne."

Geoffrey ya ɗaga kai ya kalli aikinsa. 

"Wato na ɓata ta."

"Ka ɓata ta. Amma tunda nake ban taɓa ganin an ɓata bukka da gwaninta irin haka ba."

"Wayyo. To bari in cire. In cire ko?"

"Ni ban ce komai ba."

A nan aka samu matsala. Geoffrey mutum ne da ba ya taɓa abin wani sai an ce masa taɓa, yanzu kuma da ya ga inda karambaninsa na farko ya kai shi, ya ƙudura ba zai sake motsi ba sai da izini.

"A'a, da gaske nake, ba wahala. In kana so, ka faɗa kawai."

"Ba zan faɗa ba."

"Melvyn?"

Melvyn ya duƙufa kallon takalminsa.

"Bernice, ke fa? Ke ai ba kya ɓoye magana."

Bernice ta kumbura kamar ƙullin da aka manta a kusa da murhu. Kalmomi biyu ne kawai, suna nan a kan harshenta, da ta sake su da an ji har tasha. Ta dubi mahaifinta, ta dubi tsanin da ke jingine, idonta ya cika.

"Yau rana ta yi kyau," in ji ta, da wata ƙaramar murya da ba tata ba.

"Ƙwarai kuwa," in ji Geoffrey, a ruɗe.

Sender ya ɗaga kai yana magana da iska. "Mutum dai in kayansa ne, ya ga yana bukatar abinsa, ai ba mai hana shi ɗauka."

Geoffrey ya buɗe baki zai ce shi kam ba ya bukata, ya bar musu har abada. Kafin ya furta, murya ta fito daga gibin shinge.

"Geoffrey, kwanon nan ba shi ne ka ce za ka rufe min tumatir da shi ba?"

"Tumatir? Ai tumatir sun ƙare tun..."

"Ina son abina. Yanzu nake so."

Ya dubi matarsa, ya dubi tsohon da ya ƙura wa wata bishiya ido kamar bai ji komai ba. A hankali abin ya shige shi. Ya jawo tsani.

Haka Yahudawa uku suka tsaya, hannu a baya, cikin kayan idi, suna kallon tsohon ma'aikacin banki yana kwance aikin da ya yi sammako a kansa, ba mai ikon ko riƙe masa tsani. Hilary ce ta tsallako ta riƙe, da takalminta mai tsini yana nutsewa cikin ciyawa. Bernice ta matsa kusa da ita.

"Ta yaya kika gane?"

"Haba Bernice. Shekara nawa ina unguwar nan? Nan ai ba wanda ke faɗin abin da yake so." Ta ɗan rage murya. "Kwanon abincin nan da na kawo muku da kuka tare, ba ku ci ba ko?"

"Ba mu ci ba."

"Na gane tun a hanyar komawa gida. Kunya ce ta hana ni dawowa."

Dariya ta ƙwace wa Bernice, irin tata ta ainihi, har Geoffrey ya yi tangal-tangal a kan tsani.

Da aka ɗage kwano na ƙarshe, ruwan jiya da ya maƙale a ganye ya zubo a kan teburi. Sender ya shiga ya ɗaga kai, ga sama nan shuɗiya ta tsakanin rassa. Geoffrey ya fara tattara kayansa yana ba da haƙuri a karo na ba adadi.

"Ina kuma za ka?" in ji Sender. "Ka yi aiki sau biyu, ka tafi da yunwa? A gidan wa? Melvyn, ƙaro kujeru. Misis Ormerod, zauna nan, nan ba ya ɗiga sosai."

Aka zauna a takure, gwiwa na gugar gwiwa. Jakar Prestwich tana nan ƙarƙashin kujerar tsohon, a rufe. Sender ya sa albarka a kan ruwan inabi, aka je aka wanke hannu aka dawo. A tsakiyar teburi ga burodin Bernice guda biyu da ta kitsa da hannunta, an rufe da farin ƙyalle. Ta ga hannun mahaifinta ya sauka ƙasa wajen jakar, ya taɓa zif, ya tsaya.  Sai ya ɗago hannun, ya yaye ƙyallen, ya sa albarka, ya yanka, ya tsoma a zuma ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya miƙa wa Geoffrey yanki.

 Bernice ta zuba romo. Wani ganye ya faɗo cikin kwanon tsohon, ya cire shi da cokali ya ci gaba da sha. Yana sha yana yi wa Geoffrey bayanin yadda ake liƙe ɗinki da gam, Geoffrey na sauraro kamar za a yi masa jarrabawa, Hilary na tambayar Melvyn ko gaskiya ne har makon ya ƙare haka za su yi ta yi. Sender ya ga ƙasan kwanonsa, ya nuna bangon gabas da cokali.

"Wannan ɓangaren yana son tokara, Mista Ormerod. Baɗi ka zo da wuri mu duba shi tare, kada ka bar likita shi kaɗai da guduma."

"Baɗi, Baba?" in ji Bernice.

Bai dube ta ba. "Ke, kabejin nan sai ya huce za a kawo?"

Ta tashi ta shiga kicin, ta tura ƙofa. Ta dafa murfin tukunya da hannu biyu ta yi kuka sosai, kukan daɗi, har da sheshsheƙa. Sannan ta goge fuska da gefen riga, ta zaɓo mafi girma a cikin kabejin ta sa a farantinsa, ta ɗauka ta fita.